Girman karaban ba shi ne jin daɗin doguwar tafiya ba

A Damagaram, in aka ga hoton karaban, wato ɗakin kwanan nan mai taya da Turawa ke ja da mota wajen yawon buɗe ido, sai ka ji an ce ai mai doguwar tafiya babba ya kamata ya saya. Ba haka ba ne. Motar da za ta ja shi ita ke yanke girmansa.

A Ingila, shawarar da aka saba ba sabon shiga ita ce kada nauyin karaban da kayansa duka ya wuce kashi 85 cikin 100 na nauyin motar. In ya yi nauyi da yawa, da tirela ta gifta ko iska ta bugi gefensa sai ya fara lilo, yana fizgar bayan motar hagu da dama, tsayawa ma sai an ci dogon zango bayan taka birki. Shan mai kuwa ba a magana.

Ɗauki hanyar Tanut zuwa Agadas, inda rairayi ke hawa kwalta. Mai nauyi shi ke fara kafewa, juya dogo kuwa jan aiki ne. Mutum biyu, ƙarami mai gado ɗaya ya ishe su, sauran nauyin a bar wa jarkokin ruwa da safayar taya.