Auna ƙwazon kwalejojin al'umma a Amurka

Kwalejin al'umma a Amurka makaranta ce ta gaba da sakandare, galibi ta gwamnati, wadda ake karatun shekara biyu a cikinta. Ɗalibi kan fita da takardar shaidar sana'a, ko ƙaramin digiri, ko ya wuce jami'a ya ƙarasa shekara biyun da suka rage. Kwalejin Joliet ta jihar Illinois, wadda aka buɗe a 1901 da ɗalibai shida, ita ake ɗauka a matsayin ta farko. Sunan kuwa ya bazu ne bayan rahoton kwamitin Shugaba Truman na 1947. Babbar manufarsu ita ce ƙofa a buɗe: duk wanda ya gama sakandare ana karɓarsa.

Ƙidayar ɗalibai

Shekaru da dama, yawan ɗalibai ne ke kawo kuɗin gwamnati. Da yake akasarinsu aiki suke yi suna karatu jefi-jefi, ba kai ake ƙirgawa ba, awoyin darasi ake tarawa. A Kalifoniya, mai kwalejoji 116, awa 525 na aji a shekara shi ne daidai da cikakken ɗalibi ɗaya. Adadin kuma yana tafiya ne saɓanin kasuwa: idan aiki ya yi wuya, sai azuzuwa su cika. Haka aka gani bayan karyewar tattalin arziki ta 2008. Annobar korona ta karya wannan al'ada, domin a ƙarshen 2020 ɗaliban sun ragu da kusan kashi 10 cikin ɗari.

Ma'aunin nasara

Nan ne gizo ke saƙa. Bisa dokar tarayya ta 1990, ma'aunin kammala karatu yana ƙirga sababbin ɗalibai masu cikakken karatu ne kawai, waɗanda suka gama cikin shekara uku. Magidancin da ke zuwa ajin dare, da wanda ya ɗauki darasi biyu don ƙarin girma a wurin aiki, duk ba sa cikin lissafi. Wanda ya koma jami'a kafin ya karɓi takarda ma ba ya cikin waɗanda suka kammala, alhali abin da ya kawo shi ke nan. Sai daga baya aka ƙara wani ma'auni mai bin har da masu karatun jefi-jefi tsawon shekara takwas.

Kuɗi bisa sakamako

Jihar Tennessee ce ta fara ɗaura wani kaso na kuɗi a kan ƙwazo a 1979, ta faɗaɗa tsarin sosai a 2010. Kalifoniya ta kawo nata a 2018: kimanin kashi 70 bisa yawan ɗalibai, 20 bisa masu ƙaramin ƙarfi, 10 bisa sakamako. Teksas ma ta faɗaɗa nata sosai da dokar 2023.

Bincike da yawa bai ga ƙaruwar a zo a gani a yawan masu digiri ba. A wasu jihohi gajerun takardun shaida ne suka yawaita, tunda sun fi saurin samuwa. Akwai kuma fargabar kwaleji ta riƙa kauce wa ɗalibai masu rauni don gyara alƙalumanta, abin da ya sa jihohi da dama ke ba da ƙarin maki idan ɗan talaka ko babba da ya dawo karatu ya kammala.