Murar dawaki: abin da doka ta ɗora wa mai doki

Doki ya wayi gari yana busasshen tari, jiki zafi rau, majina na zuba, ya ƙi harawa. Yawancinmu a Kaduna jiƙo za mu fara nema, da yamma kuma a fita da shi kilisa wai ya warware. To, Dokar Kula da Cututtukan Dabbobi ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ba haka ta ce ba. Duk wanda dabba ke hannunsa, in ya yi zargin cuta mai yaɗuwa, wajibi ne ya ware ta daga sauran, ya kai rahoto ga likitan dabbobi na gwamnati mafi kusa. Zargi kawai ya isa. Hukuma kuma tana da ikon hana fita da dabbobi daga wurin da cutar ta ɓulla, kuma ƙin bin umarnin laifi ne.

Me ya kawo wannan tsanani kan mura? Saurinta. Kwana ɗaya zuwa uku bayan doki ya shaƙi ƙwayar sai ya fara tari, kafin mako barga ta kama. Bokitin ruwa, linzami, hannun yaron barga, duk suna ɗaukarta. Ka tuna yadda dawakin Kano da Katsina da Legas ke haɗuwa a gasar folo a Kaduna, ko yadda ake aron dawaki don Hawan Daushe a Zazzau. Doki guda mai tari ya isa ya raba wa kowa tsaraba.

Ƙwayar murar, wadda ake kira H3N8, a Miami ta Amurka aka fara gano ta a 1963, kuma ba ta zauna yadda take ba. Tana sauya kama kaɗan-kaɗan, har ta rabu gida-gida. Reshenta da ake kira Fulorida na ɗaya ne ya shigo Sakkwato a ƙarshen 2018, ya ratsa Nijar da Senegal a 2019, jakuna suka yi ta mutuwa. Shi ya sa rahoton nan yake da amfani: sai an ɗebi majina an kai ɗakin gwaji, kamar na Vom a Filato, sannan a san wane reshe ne ke yawo, da ko allurar rigakafin da ke kasuwa ta dace da shi. Najeriya kuma dole ta sanar da Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya.

Na san abin da ke hana mutane magana: tsoron a rufe barga ana saura kwana uku Sallah, ga kuɗin haya an karɓa. Amma dokin da aka hau da zazzaɓi a jiki, murar kan sauka huhu. Likitoci kan ce kowace rana ɗaya ta zazzaɓi, hutun mako guda ne. In ya yi kwana uku da zafin jiki, sirdi ya haƙura sai bayan mako uku.