Ƙasa ba ta cinye maganin ƙwari, ɓoye shi take yi

Mun taso muna jin cewa duk abin da aka zuba a ƙasa ta cinye shi, in ma ya yi saura ruwan damina ya wanke. Wannan magana ba ta hau kan magunguna irin su DDT da Gamalin ba.

Waɗannan sinadarai ba sa jituwa da ruwa, halinsu ɗaya da mai. Da sun sauka a gona sai su liƙe wa ruɓaɓɓen ganye da taki da ɓurɓushin gawayin da ke cikin ƙasa. Shi ya sa baƙar ƙasar fadama ta fi jigawa riƙe su nesa ba kusa ba. A rairayi kuwa, da yake babu abin kamawa sosai, maganin ya fi saurin gangarawa ƙasa, wani lokaci har ruwan rijiya.

Gawayi ya fi kowa iya riƙo. Wanda aka sarrafa don tace ruwa cike yake da ƙananan ramuka, har faɗin cikin giram ɗaya yakan wuce murabba'in mita 500. Sai dai riƙewa daban, kashewa daban. Gubar tana nan daram, kuma tana iya kuɓucewa kaɗan-kaɗan. Tsutsar ƙasa, wato tana, ta ci ƙasar, kaza ta ci tsutsar, abin ya taru a kitse da ƙwai.

Amurka ta hana fesa DDT a gonaki tun 1972, amma har yau masu bincike suna tsintar ragowarsa a ƙasar tsofaffin gonakin can.