Ƙarar da kai kaɗai kake ji: me gwajin kunne zai gano?

Akwai na'urar da za ta tabbatar kunnena yana ƙara?

Galibi babu. Wannan ƙara da likitoci ke kira tinitus, ko shuuu take yi, ko fito, ko kamar kukan gyare, mai ita kaɗai ke jin ta, don ba daga waje take shigowa ba. Bakinka ne shaida. Shi ya sa likita ke farawa da tambaya: kunne ɗaya ne ko duka biyu? Tun yaushe? Kana aiki kusa da inji? Wane magani kake sha? Kada ka raina ta ƙarshen nan, domin kwinin da allurar gentamicin, har da asfirin in an sha da yawa, suna iya jawo ƙarar.

To, gwajin na mene ne ke nan?

Musabbabin ake nema. Sau da yawa ƙarar tana tafe ne da raguwar ji wadda mutum bai lura da ita ba. Za a fara leƙa kunnen da 'yar fitila, a ga ko datti ne ya toshe shi, ko dodon kunne ya samu matsala. Daga nan sai a shigar da kai wani ɗan ɗaki da hayaniya ba ta ratsa shi, a sa maka hedifon, a miƙo maka maɓalli. Duk sautin da ka ji, komai ƙanƙantarsa, ka danna. Ana bi daga mai kauri zuwa siriri, daga Hz 250 har 8,000 (Hz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti), kowane kunne daban. Wanda ƙarar inji ko lasifika ta yi wa illa, a wajen 4,000 ake yawan ganin jinsa ya faɗi.

Mutane kan ruɗe a nan, su kasa bambance sautin na'ura da ƙarar kunnensu. Faɗa wa mai gwajin tun farko, zai iya sa sautin ya riƙa zuwa yana yankewa don ka gane shi. Babu zafi, kuma da wuya ya wuce rabin awa.

Ana iya auna ƙarar kanta?

Ana kwatantawa dai: a riƙa kunna maka sautuka har ka ce "yauwa, irin wannan ce". Sai ka ga ƙarar da ta hana mutum barci 'yan desibel kaɗan ce (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) sama da mafi ƙanƙantar sautin da yake iya ji, amma wahalarsa ta gaske ce.

An ce jina lafiya lau, ga shi ƙarar ba ta daina ba.

Yana faruwa, kuma ba ƙarya kake yi ba. Gwajin da aka saba yana tsayawa a 8,000, alhali kunnen yaro mai lafiya yana kamo har wajen 20,000. Lahanin na iya ɓuya a can sama. Yana ba ni takaici in ji an sallami mutum da "ba komai" yana fama.

Yaushe ne bai kamata in jira ba?

In jinka ya ɗauke farat ɗaya, je asibiti ranar, don maganinsa ya fi aiki a kwanakin farko. Haka in ƙarar na bugawa daidai da bugun zuciyarka, sai an duba jijiyoyin jini. In kuma kunne ɗaya ne kawai, jinsa na raguwa ko kana jiri, likita zai iya neman hoton MRI, mai nuna cikin kai, don ya duba ko wani ƙari, wanda ba ciwon daji ba ne, ya fito a kan jijiyar ji.