Shimfiɗa a gindin shinge: yadda kara da busasshen ganye ke hana haki fitowa

Duk wanda ya kewaye garkarsa ko gidansa da shingen lalle, aguwa, dirga ko zogale a Tahoua ya san inda haki ya fi son zama. Gindin shingen ne, domin nan ake zuba ruwa, nan ne kuma hauya ba ta shiga da daɗi. Akwai dabara mai arha da ke rage wannan wahala, wato a lulluɓe ƙasar gindin da kara, busasshen ganye ko ɓawo. Ga abin da masu garka suka fi tambaya a kanta.

Ta yaya tarin kara zai hana haki fitowa, alhali ba magani aka zuba ba?

Haske ake hana shi. Irin haki kamar gude-gude, burburwa da harƙiya ƙananan ƙwayoyi ne, abincin da ke cikin kowace ƙwaya bai taka kara ya karya ba. Wasu ma ba sa tsirowa sai haske ya taɓa su. Wanda ya tsiro a ƙarƙashin shimfiɗa mai kauri yakan fito fari, siriri, ƙarfinsa ya ƙare kafin ya kai ga rana. Irin da iska ko tsuntsaye suka kawo daga baya kuwa a kan shimfiɗar yake sauka, ba ya samun ƙasar da zai kama, ko ya kama ma da yatsa biyu ake cire shi.

Ni dai ko ba don haki ba zan ce a yi ta saboda ruwa. Ruwan da Tahoua ke samu a shekara bai cika wuce milimita 400 ba, kusan dukkansa kuma daga Yuni zuwa Satumba yake sauka. Da bazara, a Afrilu da Mayu, zafin saman yashi da tsakar rana yakan wuce digiri 50. Ruwan da aka saya aka zuba da safe a ƙasa tsirara, kafin azahar rana ta ɗauke na saman. Ɗaga shimfiɗa a daidai wannan lokaci ka sa hannu, za ka ji sanyi da laima.

Da me ake yin ta?

Da abin da ke kusa. Karan hatsi da na dawa su ne kan gaba, amma a sassare su gajeru, kamar tsawon tafin hannu, don su kwanta su toshe kafofi. Dogon kara da aka jera haka kawai yana barin tsaguwa, haki kuma tsaguwar yake nema. Ɓawon gyaɗa yana da kyau ƙwarai, yana daɗewa bai ruɓe ba. Ƙaiƙayin da mata ke zubarwa bayan sussuka yana aiki, sai dai iska na kwashe shi, in kuma ya jiƙe ya bushe yakan dunƙule ya hana ruwa ratsawa, don haka a gauraya shi da kara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ganyen bedi, wato dogon yaro. Wajen ƙarshen ɗari itacen yana zubar da ganye buhu-buhu, a share da safe, a tara a bakin ƙofa, a cinna masa wuta. Hayaƙi ya cika unguwa, yara na tari, shingen da ke taku biyar daga wurin kuma yana fama da ƙishi. Yankinmu ba baƙon bedi ba ne, tun 1975 aka fara jera shi layi-layi a kwarin Majiya don tare iska, kuma da wuya ka bi titi a cikin gari ba ka wuce gindinsa ba. Ganyensa da na mangwaro shimfiɗa ce ta kyauta. A dai tsince ƴaƴan bedin, domin da damina ta sauka suna iya tsirowa.

Rassan da aka aske daga shingen kansa ma a yayyanka a mayar masa. Garin katako na wurin kafinta a zuba shi sama-sama kawai, kada a cuɗa shi da ƙasa, domin ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shi suna janye sinadarin da ke sa ganye kore, sai shuka ta yi rawaya. Hakin da ya riga ya yi ƴaƴa, musamman ƙarangiya da tsidau, kada ya kusanci wurin. Wanda ya shimfiɗa shi ya shuka shi ne da hannunsa.

Yaya kaurinta zai kasance, kuma ta ina ake farawa?

A fara da noma. A cire hakin da ke wurin har saiwa, a sassauta ƙasa, a watsa ruɓaɓɓen taki, a ba da ruwa har ya ratsa, sannan a shimfiɗa. Ɗanyen kashin awaki da tumaki yana ɗauke da irin haki da na bagaruwa da suka ci, shi ya sa ake son wanda ya ruɓe.

Kauri santimita 7 zuwa 10, wato yatsu huɗu ko biyar a jere. Ganye yana lotsewa, don haka a zuba fiye da haka. Faɗi kuwa rabin mita kowane gefe. Shinge mai tsawon mita 10 zai ci manyan buhuna takwas zuwa goma. Mafi yawan masu cewa sun gwada bai yi ba, ɗan yayyafin ganye suka yi wanda ana hango ƙasa ta cikinsa, wannan kuwa inuwa da laima kawai ya ba haki.

A bar fili kamar faɗin tafin hannu kewaye da jikin kowane itace. Shimfiɗar da ta manne da ɓawo tana riƙe laima a wurin har ya ruɓe. Aguwa ta fi kowa ƙin wannan, jikinta cike yake da ruwa, ba ta son jiƙa a wuya.

Malam, ai kara gara yake kira. Ba za ta cinye shingen ba?

Za ta zo, babu shakka. Amma abincin da gara ta fi so mataccen abu ne, busasshen kara da itace. Shukar da takan afka wa galibi wadda ƙishi ya riga ya galabaitar ce, ko wadda aka ji wa rauni a gindi. Shingen da ke shan ruwa, ga kuma kara a gefe, bai cika damunta ba.

Akwai ma alherin da take yi wanda manoman Adar, wato nan yankin Tahoua, sun sani. A tassa, ramukan da aka farfaɗo da fako da su a wajen Illela, takin da ake zubawa a rami yana jawo gara, ita kuma ta huda ƙasa da hanyoyinta, ruwan sama ya bi ya shige maimakon ya gudu. Binciken da aka yi a arewacin Burkina Faso a shekarun 1990 ya nuna haka a ƙasar da ta daskare: inda aka shimfiɗa kara gara ta shiga, ruwa ya fi ratsawa, tsiro kuma ya dawo. Ƙasar gindin shinge da aka daɗe ana takawa tana buƙatar irin wannan huda.

Inda za a yi hattara shi ne kusa da gini. In shingen ya jingina da katangar ƙasa, rumbu, ƙofar katako ko azara, a bar aƙalla rabin mita babu shimfiɗa, a kuma riƙa dubawa. Dashen da bai yi wata biyu ba, sai a faɗaɗa masa filin da ke kewaye da jikinsa.

Na shimfiɗa, amma aya-aya da kiri-kiri sun huda sun fito. Me ya sa?

Waɗannan biyun ba daga ƙwaya kaɗai suke tashi ba. Aya-aya tana da ƴaƴa a ƙarƙashin ƙasa, sarƙe da juna, cike da abinci, ga kan tsironta mai tsini. Kiri-kiri kuma yaɗo yake yi, kowace gaɓa da ta rage a ƙasa sabuwar shuka ce. Sai an tona an tsince su da hannu tukuna. Daga nan a shimfiɗa kwali, a cire masa leda da salatif, gefe ya hau kan gefe da kamar santimita 15, a jiƙa shi, a ɗora kara a kai. Duk da haka aya-aya za ta leƙo nan da can. A riƙa tuge ta tun tana da ganye biyu ko uku, kafin ta tara sabon abinci. Aikin damina biyu ne ko fiye, wanda ya ce maka mako guda zai gama da ita bai yi noma da ita ba.

Wane lokaci ya fi?

Ƙarshen Mayu, kafin ruwan fari ya ta da haki. Sai kuma Oktoba, bayan girbi, lokacin da kara ya wadata, ƙasa kuma tana da sauran laimar da za a tsare. Tsakanin nan, duk inda ƙasa ta fara bayyana a ƙara.

Iskar da ke gaban hadari da ta hunturu suna kwashe ganye. A danne shi da kara, rassa ko ƴan duwatsu, abin da Adar ba ta rasa ba.

Kunama da maciji fa?

Suna son wuri mai sanyi da duhu, gaskiya ne. Kada a cusa hannu a shimfiɗa, a fara motsa ta da sanda, a kuma sa takalmi. A ja wa yara kunne. Kusa da ɗakin kwana ko inda ake shimfiɗa tabarma da dare, a rage kauri. Busasshen kara kuma abincin wuta ne, a nisanta shi da murhu da wurin dafa shayi.

Baƙar leda ko tsakuwa ba za su fi daɗewa ba?

Tsakuwa tana daɗewa, tana kuma dacewa da aguwa, amma tana ɗaukar zafi, ba ta ƙara wa ƙasa komai. Leda kuwa ba na ba kowa shawararta. Rana tana farfasa ta, iska ta watsa, awaki su haɗiye ta toshe musu ciki. Tun 2014 Nijar ta yi dokar hana irin wannan leda, bai kamata mu binne ta a garka da hannunmu ba.

Kara abincin dabbobi ne, da rani kuɗi yake. Ba ɓarna ba ce a zubar da shi a ƙasa?

Tambaya ce mai nauyi, kuma ba zan ce a hana saniya don a ba shinge ba. Harawa da ganyen kara na dabbobi ne. Amma guntun da suka tattake suka bari a turke, tsohon darni da aka sauya, zanar da ta mutu, rufin bukkar da aka kware, duk sun isa, na turken ma ya zo da takinsa. A cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, an nuna cewa barin kara tan 2 a kowace hekta yana rage yashin da iska ke kwashewa, yana kuma ƙara yawan hatsi. Wahalar manomi ita ce samun wannan adadi ga gona guda. Gindin shinge siririn wuri ne, sharar gida ɗaya da ta maƙwabci tana rufe shi, in an tanadi buhu a gefen tsintsiya tun daga Fabrairu.