Waiwaye: Yadda hunturun zomon dajin Turai ya sauya

Zomon dajin Turai ba ya haƙa rami, ba ya kuma dogon barcin hunturu. Ɗan gurbi yake yi a ƙasa ya lafe, kunnuwa a kwance a gadon baya, ko dusar ƙanƙara na zuba a kansa. Sai magariba ya fita kiwo. Shi ya sa duk abin da manomi ya yi wa gona, a jikin zomo yake ƙarewa.

A Birtaniya an yi ƙiyasin zomayen sun kai miliyan 4 wajajen 1880, shekarar da aka yi dokar da ta ba manoma 'yan haya damar kashe su a gonakin da suke nomawa. Ƙidayar da aka yi tsakanin 1991 da 1993 ta nuna saura kusan 800,000.

An daɗe ana ɗora wa mafarauta da yanyawa laifi, kuma suna da nasu kason. Amma tun shekarun 1960, da raguwar ta game Turai, gonar ce kanta ta canja. A da ƙananan gonaki ne a jere: nan ciyawa, can karan hatsi da aka bari, ga shinge tsakani. Da manyan taraktoci suka zo, aka tumɓuke shingaye, aka haɗe filaye, maganin feshi ya share haki.

Abin mamaki, hunturu bai zama lokacin yunwa ba a yankunan hatsi. Alkamar da ake shukawa da kaka tana ba zomo ɗanyen tsiro duk tsawon sanyi. Idan ƙanƙara ta rufe ta, ya koma toho da ɓawon ƙananan itatuwa, har a ga sawun haƙoransa zagaye da gindin tuffa. Da rana kuma yana sake cinye kashinsa mai laushi, don kada amfanin abincin ya tafi a banza. Abin da ya rasa shi ne mafaka, kuma a ganina nan ne asarar ta fi ciwo: fili fetal, iska da ruwa, alhali tun watan Janairu ake fara barbara.

Tarayyar Turai ta tilasta barin wasu gonaki su huta daga 1992, zomaye suka ɗan sami maɓoya, sai aka soke tsarin a 2008. Birtaniya ma ta sa burin ninka yawansu kafin 2010. Shekarar ta zo ta wuce ba a cim ma burin ba.