Waiwaye: yadda kofin share fagen ƙwallon Ostireliya ya tashi, ya kuma faɗi

A watan Maris na 2004, a filin wasa na Docklands da ke birnin Melbourne, ƙungiyar St Kilda ta doke Geelong a wasan ƙarshe na gasar share fage. Aka kira koci Grant Thomas da kyaftin Lenny Hayes kan dandamali, aka miƙa musu kofi. Suka ɗaga shi sama fuska a ɗaure, babu ko murmushi, kamar waɗanda aka ba ajiyar kayan wani. Ga magoya baya can a kan kujeru suna ta sowa, su kuwa waɗanda suka ci kofin suna so duniya ta san cewa ba shi suka sa a gaba ba. Ni a ganina tun daga wannan daren gasar ta kama hanyar mutuwa, ko da yake sai da ta ƙara shekara tara kafin a binne ta.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon ƙafar Ostireliya daban take da wadda muka saba. Fili zagayayye ne mai siffar ƙwai, ƙwallon ma haka, kowane ɓangare 'yan wasa 18. Ana bugawa da ƙafa, ana cafewa da hannu, ana kuma miƙa wa ɗan'uwa da dunƙulen hannu. A kowane ƙarshen fili akwai sanduna huɗu: idan ƙwallo ta ratsa tsakanin dogayen biyu na tsakiya an ci maki shida, idan ta bi ta gefe maki ɗaya. Babbar gasar ita ce AFL, wadda kafin 1990 ake kira VFL saboda asalinta ta jihar Victoria ce. Kakar wasa kan fara a watan Maris ta ƙare a ƙarshen Satumba.

Abin da ya zama kofin share fage bai fara a matsayin share fage ba. A 1956 aka ƙirƙiro gasar dare ta sili ɗaya ƙwale a filin Lake Oval na South Melbourne, inda ake da fitilu, kuma a watan Satumba ake yin ta, bayan kaka ta ƙare. Ƙungiyoyi 12 ne a lokacin. Huɗu na sama su tafi neman babban kofi, takwas ɗin da suka rage a haɗa su su fafata da dare. Wato tun farko kofin marasa rabo ne, rashin uwa akan yi uwar ɗaki. South Melbourne ce ta fara ɗauka, Footscray kuwa ta ci har sau huɗu, a 1963 da 1964 da 1967 da 1970. Bayan 1971 aka dakatar da gasar.

Talabijin ce ta dawo da ita. A 1977 aka sa fitilu a babban filin Waverley da ke bayan gari, aka riƙa buga wasannin a daren Talata a tsakiyar kaka, ana nunawa kai tsaye. Daga 1979 har ƙungiyoyin jihar yammacin ƙasar aka gayyato, daga 1980 kuma na jihar kudu. A wannan zamanin ne aka yi wasan da har yau magoya bayan Collingwood ba su huce ba. Wasan ƙarshe ne na 1980, Collingwood na gaban North Melbourne da ɗan ƙaramin rata. Jiniyar tashi ta yi ƙara, amma hayaniyar jama'a ta hana alƙalan wasa ji. Malcolm Blight ya buga ƙwallo gaba, Kerry Good ya cafe. Mutane sun riga sun fara tsallakowa cikin fili suna murna, shi kuwa ya ja da baya ya daidaita, ya buga ta tsakiyar sanduna. North ta ci da ratar maki uku. A ƙa'idar wasan sai alƙali ya ji jiniya sannan wasa ya ƙare, don haka cin ya zauna. Mutane ba sa riƙe baƙin cikin abin da ba su ɗauka da daraja ba har shekara arba'in.

A 1988 aka mayar da gasar kacokan zuwa watannin Fabrairu da Maris, kafin a buɗe kaka. Sunanta ya yi ta canzawa da masu zuba kuɗi: Panasonic, sai kamfanin giya na Foster's daga 1990, sai kamfanin jiragen sama na Ansett daga 1995 har ya durƙushe a 2001, sai Wizard masu ba da rancen gida, sai bankin NAB daga 2006. Daga 1992 aka fara ba gwarzon wasan ƙarshe lambar yabo mai sunan Michael Tuck, tsohon ɗan wasan Hawthorn da ya buga wasa 426 ya kuma ci babban kofi sau bakwai.

Shekarun 1990 su ne ganiyarta. A 1993 mutum fiye da 75,000 suka cika Waverley don kallon Essendon da Richmond. A 1996 fiye da 66,000 suka ga St Kilda ta lallasa Carlton, Nicky Winmar ya karɓi lambar Tuck. Sai ka san tarihin St Kilda za ka gane abin da daren nan ya zama musu. Suna cikin waɗanda aka kafa VFL da su a 1897, amma babban kofi sau ɗaya tak suka taɓa ɗauka, a 1966, shi ma da ratar maki ɗaya. Yaron da aka haifa bayan wannan shekara ya girma, ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, bai taɓa ganin kyaftin ɗinsa riƙe da kofi ba sai a wannan dare na 1996. Wanda ya ce masa ai wannan ba kofi ba ne, bai san yunwa ba.

An daɗe ana gardama ko cin kofin alama ce ta abin da zai zo. Masu cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta suna da hujja: Hawthorn ta haɗa kofin share fage da babban kofi a 1988 da 1991, Essendon a 1993 da 2000, Geelong a 2009. Essendon ta 2000 wasa ɗaya kawai ta rasa a duk kakar. Amma Carlton ta ɓata musu lissafi. Ta ci kofin a 2005 ta ƙare kaka a ƙarshen teburi, ta sake ci a 2007 ta zo ta 15 cikin 16, aka sallami koci Denis Pagan tun kaka ba ta ƙare ba. Daga nan kofin ya fara zama abin gori, masu horarwa suka riƙa gudunsa.

Suna da dalilinsu, kuma ba na banza ba ne. Fabrairu tsakiyar zafi ne a Ostireliya, ƙasa ta bushe ta yi tauri, wasan kuwa na gaba-da-gaba ne. Babu kocin da ke son tauraronsa ya tsinke jijiyar gwiwa a kan kofin da ba wanda zai tuna idan Satumba ta zo. Ga kuma wani abu: ƙungiyar da aka fitar da wuri takan koma buga wasannin gwaji a ƙananan garuruwa, inda koci zai juya 'yan wasansa yadda ya ga dama, babu matsin neman nasara. Sai ya zama faɗuwa ma riba ce. A 2008 hukumar AFL ta binciki kocin Sydney, Paul Roos, bisa zargin ya ce wa ɗan wasansa Jarrad McVeigh ya shiga gaba amma kada ya ci ƙwallo, a wani wasa da Hawthorn da ya matse. An wanke shi, amma yadda mutane suka yi saurin yarda da zargin ya nuna inda gasar ta kai.

Hukumar ma ta sa hannu a rage mata kwarjini, don ta mayar da ita wurin gwajin dokoki. A 2003 aka kawo ci mai maki tara ga wanda ya buga daga bayan layin mita 50, abin da ba a taɓa shigar da shi babbar gasa ba. Wasu gwaje-gwajen dai sun yi amfani. Bayan 'yan Hawthorn sun yi ta tura ƙwallo ta bayan layinsu da gangan a wasan ƙarshe na babban kofin 2008, suna ba da maki ɗaya don kauce wa shida, an gwada hukunta hakan a gasar share fage ta 2009, aka kuma ɗauke shi zuwa kaka. An kuma yi amfani da gasar wajen kai wasan inda bai saba zuwa ba, Darwin da Alice Springs da Cairns, har Wellington a New Zealand da Cape Town a Afirka ta Kudu. Wannan alheri ne ga mutanen da ba su da ƙungiya a garinsu. Sai dai ɗan kallo ya gane cewa wasan da dokarsa ke canzawa duk shekara ba shi ne na gaske ba.

Duk da haka a 2010 gasar ta sake nuna amfaninta. Western Bulldogs, wato tsohuwar Footscray, ta doke St Kilda, Barry Hall ya ci ƙwallo bakwai shi kaɗai. Rabonsu da kofi tun wancan na dare na 1970, babban kofi kuwa tun 1954, kuma sai 2016 suka sake ganinsa. Ita ce kuma shekarar ƙarshe da aka yi sili ɗaya ƙwale zalla. Tsarin ya dace da ƙungiyoyi 16, zagaye huɗu a gama. Da Gold Coast ta shigo a 2011, Greater Western Sydney a 2012, suka zama 18, lissafi ya ƙi. Aka koma rukuni-rukuni na ƙungiyoyi uku da gajerun wasanni a dare ɗaya, tsarin da ko magoya baya sai sun yi tambaya kafin su fahimta.

A watan Maris na 2013 Brisbane Lions ta doke Carlton a Docklands, Daniel Rich ya karɓi lambar Tuck ta ƙarshe. Kafin kakar ta ƙare an raba gari da kocinsu Michael Voss. Daga 2014 aka soke wasan ƙarshe da kofin gaba ɗaya, aka bar wasannin gwaji kawai a garuruwan karkara da unguwanni, babu zakara. Masu horarwa sun sami abin da suka daɗe suna nema, kuma ban ga laifinsu ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, a cikin ƙungiyoyi 18 ɗaya ce kaɗai ke ɗaga babban kofi a shekara, kuma an rufe ɗaya ƙofar da ƙanana ke samun shiga. St Kilda ta ci kofin share fage sau uku, a 1996 da 2004 da 2008, kuma har yanzu magoya bayanta na jiran magajin kofin 1966.